Malam Sada Ya Tafi Bai Gama Fuskar Inna Tabawa Ba

Malam Sada ya rasu.

Na rubuta na goge, na sake rubutawa. Har yanzu in na kalli kalmomin nan sai in ga kamar wani ne ya ɗauki wayata ya rubuta su.

Yau da safe labarin ya same ni a ƙofar gida. Ina kan mashin, na ɗaure akwatin fentinsa a baya, gidansa zan tafi in ɗauko shi. Waya ta yi ƙara, na ga lambarsa, har na fara dariya don na san abin da zai ce. Na ɗaga na riga shi: "Malam, ga ni nan bisa hanya, wallahi yau ban makara ba."

Sai na ji muryar Hajiya Asabe, matarsa.

"Rabe, ka zo. Malam ya cika."

Na ce, "Wane Malam?"

Jama'a, wane Malam kuma? Lambarsa ce, matarsa ce ke magana, amma abin da bakina ya iya faɗa ke nan.

Ta ce ya dawo daga sallar asuba lafiyarsa ƙalau, ya ce a dama masa koko kafin in iso. Ya sa riga, ya sa hula, ya zauna a tabarma yana jirana. Da ta kawo kokon ta same shi ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Ba ciwo, ba jinya, ko tari bai yi ba.

Innalillahi. Jiya fa muna tare. Jiya jiyan nan ina jin hannunsa a kafaɗata a bayan mashin ɗin nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sada tsohon malamin zane ne. Ya koyar a makarantu har ya yi ritaya, ya dawo gida Funtua. Shi ya koya mini zane da fentin mai, duk abin da kuke gani ina sakawa a shafin nan kuna yabawa daga hannunsa ya fito. Kuma ya tafi ya bar aiki a buɗe: hoton wata tsohuwa, Inna Tabawa, a wani ƙauye bayan Maska. An gama komai, saura fuska. Yau ce ranar fuskar.

Ni asalina mai rubutun allon shago ne, kowa a nan ya sani. Shagon aski, shagon ɗinki, bayan mota, duk ina yi. A nuna mini hoto a waya, in kwafe shi da fentin gwangwani, kafin la'asar na gama na kama gabana. A lokacin kuwa ina ji da kaina, ba ƙarya.

Wata rana ina kan benci ina zana kawunan samari a allon wani mai aski, sai wani dattijo siriri ya tsaya da kekensa a bayana. Ya daɗe yana kallon aikina, har na fara jin haushi.

Can ya ce, "Samari, wa ya koya maka?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Baiwa ce."

Ya ce, "Na kau gani."

Ban gane ba'a yake mini ba sai da mai askin ya fashe da dariya. Kafin in buɗe baki ya nuna ɗaya daga cikin kawunan ya ce, "Wannan mai sajen, ta ina rana take zo masa?"

Na duba. Babu ta inda take zo masa. Fuskar a shafe take kamar an bi ta da dutsen guga.

Ya kwatanta mini gidansa, ya ce in zo da hantsi, in bar wayata a aljihu. Na tafi ne da niyyar in ga abin da tsohon nan yake taƙama da shi. Na shiga zaurensa, na ga wata mata a jikin bango tana shiƙar hatsi, rana na bin gefen wuyanta, har na kusa yi mata sallama. Daga ranar ban sake cewa baiwa ba.

Abin da Malam ya sa a gaba bayan ritayarsa shi ne zana mutanen ƙasar nan na da, tun kafin zuwan Turawa: masu kaɗin zare, masaƙa, marina, manoman auduga. Ya ce ba wanda ya ɗauke su hoto, amma jikokinsu na nan da irin fuskarsu da irin zamansu. Sai ya bi ƙauyuka yana roƙon a buɗe masa tsohuwar adaka, a fito da zanen saƙi ko taguwar da aka gada, a nemo kayan aikin da aka jefa bayan rumbu. Ya sa jikan ya saka, ya zaunar da shi a inda kakansa ke zama, ya kafa katakon zanensa, ya zana shi yana aikin.

Ba ya zane daga hoto. Ba ya zane a hasken lantarki. Kuma in ya fara aiki da hantsi, to kullum da hantsi za a dawo, wuri ɗaya, har a gama. Da rana ta ɗaga, inuwa ta sake wuri, zai aje buroshi ko da yana tsakiyar layi.

Ni kuma Allah Ya yi ni da gaggawa. Sau nawa na ce, "Malam, in ɗauka a waya mu ƙarasa a gida mana, mu huta da wannan jeka-ka-dawo?"

Sai ya ce, "In ka ɗaga waya mutum zai gyara zama ya yi maka fuskar baƙi. Mu jira muke ya gaji, ya manta muna nan."

Satin farko ya ƙwace mini baƙin fenti ya sa a aljihunsa. Ya tura ni bakin titi in zauna gaban wata mai gyaɗa in dubi inuwar da ke ƙasan haɓarta, in dawo in gaya masa in na ga baƙi. Na zauna har matar ta fara harara ta. Sai ga shuɗi, sai ga ja, har da wani kore-kore da ya taso daga mayafinta. Na dawo da gudu kamar yaro ina ba shi labari, shi kuwa yana ta wanke buroshi yana murmushi.

Buroshin ma sau da yawa nawa ne. In na yi sauri na bar su da fenti, washegari in same su a wanke a jere. Bai taɓa yi mini gori ba.

Akwai wani shuɗi mai kyau da wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa daga Zariya, yana lallaɓa shi kamar turare. Ranar da na fara zanen marina, ya matse mini rabinsa ba tare da na roƙa ba.

Lokacin da 'yata ta kwanta asibiti, kullum sai ya zo da kekensa ya zauna da ni a baranda. Ba ya wani dogon ban haƙuri. Sai dai ya taɓa ni ya ce in dubi yadda haske ke faɗowa a kan masu jiran layi, ko hankalina ya ɗan bar ɗakin.

Da na kai matakin koyon fuska, ba wanda ya yarda ya zauna mini. Wa zai ɓata hantsinsa don ɗan koyo? Malam da kansa ya naɗa rawani ya zauna a tsakar gidansa, ga shi da ciwon baya, safiya bayan safiya. Da na gama ya tashi da ƙyar, ya zagayo, ya duba, ya duba.

Ya ce, "Rabe, wannan ma aski ya zo yi."

Maganar ta zauna. Duk fuskar da na zana, hukuncin ke nan. Yadi ya yarda na iya, ƙwarya da itace da bango duk ya sa mini albarka, amma fuska har jiya bai ce ta yi ba. Kuma ina jin zafin abin, don me zan ɓoye.

To, Inna Tabawa.

Kakarta ce ta rene ta, kuma kakar ta yi ƙuruciyarta tana kaɗa zare tana kai wa masaƙan Maska, tun zamanin da ba a san yadin kanti ba. Inna ta aje zanen saƙin kakar da mazarinta duk shekarun nan. Ranar da muka fara zuwa, Malam na ta kewaye-kewaye yadda zai roƙe ta, ita ta katse shi.

Ta ce, "Tun ina yarinya ake cewa in na tsuhwa kakata zan koma. To na tsuhwa. Amma in na ɗauki madubi, wata tsohuwa kawai nike gani tana kallona. Ni so nike in gan ta daga gehe, tana aiki, kamar yadda nike ganinta ina kwance bisa tabarma. In za ka iya wannan, Malam, in zauna."

Ta kuwa zauna. Tsohuwar da gwiwa ke damu, kullum kafin mu iso ta yi wanka, ta ɗaura zanen, ta ɗauko auduga da allin kaɗi.

Bayan dangar gidan akwai gonar dawar ɗanta Barau. Da hantsi rana na ratsowa ta tsakanin kara da zangarniya, ta sauka a gefen fuskar Inna a tausashe, da ɗan ja-ja. Malam ya ce wannan hasken yake so ba wani ba. In aka yanke dawar, rana za ta faɗo kai tsaye ta wanke fuskar, duk abin da aka gina a kansa ya tashi.

Yanzu kowa a ƙauyen ya girbe. Layin nan na bayan danga kaɗai ke tsaye, tsuntsaye na ta shagali a kai, ga shi ana dab da sakin shanu cikin gonaki. Barau mutumin kirki ne, amma manomi ne. Shekaranjiya ya ce, "Malam, ni hwa abincin gidana ne ke tsaye a can." Malam ya riƙe hannunsa ya ce ya ƙara masa 'yan kwanaki, fuska kaɗai ta rage.

Jiya Malam ya daɗe a tsaye yana kallonta, buroshi a hannu, bai taɓa ƙyallen zanen ba. Sannan ya shimfiɗa launin ƙasa a wurin fuskar, ya ɗan nuna inda ido zai zauna, inda hanci zai faɗo. Sai rana ta ɗaga. Ya aje. Muka kai hoton zauren Barau muka juya shi yana kallon bango, don ɗanyen fenti ba ya hawa mashin, kuma dokar Malam ce wanda ake zanawa ba ya gani sai an gama.

A hanya muka tsaya Maska muka sha fura a gindin bishiya. Ya sha da yawa, har ya nemi ƙari. Yana ta tsokanar mai furar wai hannunta ya fi fuskarta kyau a zane. Mutumin da zai mutu da safe ke nan, jama'a.

Da na sauke shi a ƙofar gida ya ce, "Gobe fuska, Rabe. Ka zo da idonka duka biyu."

Na ce, "Malam, ni ai nawa wankin buroshi ne."

Ya yi dariya ya ce, "Allah dai Ya kai mu."

Shi ke nan. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ko waiwaye ban yi ba, na ja mashin na tafi.

Abin da zan faɗa yanzu sai da na nemi izinin Hajiya. Ana cikin yi masa wanka aka leƙo aka ce ina Rabe. Na shiga. Liman ya nuna mini gefen babban yatsansa na dama, ga ɗan fenti ya maƙale a gindin farce, sun yi da ruwa da sabulu ya ƙi fita, kuma ana so ruwa ya taɓa ko'ina. Fentin mai ba ya jin ruwa. Na ce a karɓo mini man gyaɗa a wurin Hajiya da ɗan tsumma, yadda shi da kansa ya koya mini mu riƙa yi kafin alwala.

Na riƙe hannun Malam ina gogewa. Launin ƙasan nan ne na jiya, na fuskar Inna.

A nan ne na yarda ya mutu. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, har sai da liman ya dafa ni ya ce in yi masa addu'a ya fi.

Mun kai shi kafin azahar. Jama'a kam ta taru, tsofaffin ɗalibansa har daga Malumfashi da Bakori, ban san yadda labari ya kai musu da wuri haka ba. Muna fitowa daga maƙabarta na je inda na jingine mashin, na ga akwatin fentin na nan ɗaure a baya tun safe. Sai na tuna. Duk duniya ta ji, ban da mutum ɗaya. Ƙauyen su Inna ba sabis, kuma ba wanda ya san da ita sai ni.

Na yi azahar na kama hanya.

Na same ta ta koma inuwar rumbu, amma ba ta kwance zanen ba, mazari na cinyarta. Ta dubi bayana, wurin da Malam ke zama a mashin. Da yake ni jika ta ɗauke ni, ta fara tsokanar da ta saba.

"Maigidana, ina ka baro abokin naka? Yau kun sa na yi kwalliya a banza."

Na durƙusa gabanta. Na ce, "Inna, sai haƙuri. Allah Ya yi wa Malam rasuwa yau da asuba. Daga wurin rufe shi nake."

Ba ta yi salati nan take ba. Kallona kawai take yi.

Can ta ce, "Jiya hwa ya ce in rage cin goro, wai bakina na motsi."

Sannan hawaye ya zo mata. Barau ya fito ya ji, ya cire hula ya zauna a ƙasa. Tsuntsayen nan na ta shagalinsu a kan dawa.

Da ta share fuska da bakin zanen ta ce, "Barau, ɗauko mini shi in gani."

Na ce, "Inna, Malam ba ya bari a gani sai an gama."

Ta ce, "Mai hanawar ya tahi. Ɗauko."

Barau ya ɗauko, ni na karɓa na juyo mata shi. Ga tsohuwa zaune daga gefe, zanen saƙi, ƙoƙon auduga, zare na sauka, hasken dawa a kafaɗarta. A wurin fuska kuwa sai launin ƙasa da 'yan alamu.

Ta matso har na ce ta yi hankali bai bushe ba. Ta daɗe tana dubawa, ba fuskar ba, ƙasan hoton take kallo.

Ta ce, "Hannunta ne. Haka take riƙe mazari, ƙaramin yatsa a sama. Ni ban san ina yin haka ba. Allah Ya jiƙan Malam, ya ga abin da ban gani ba."

Dole na gaya mata gaskiya. Hannuwan ni na yi. Ranar da aka zo kansu Malam ya ce bayansa ya riƙe, ya miƙo mini buroshi ya koma gefe ya zauna. Da na gama bai yaba ba, bai kushe ba, bai kuma taɓa wurin ba. Yanzu da nake rubutun nan ma nake tambayar kaina ko bayan nasa ya riƙe da gaske ranar.

Inna ta ɗago ta ce, "Kai ka yi?"

Na ce ni ne.

"To mi ya rage? Gobe da hantsi ka zo."

Na ce, "Inna, ban taɓa yin fuskar da Malam ya ce ta yi ba. Aikinsa na ƙarshe ne. In na sa hannu na ɓata, da wane ido zan kalli kaina?"

Ta ce, "In ka bari kau? Shekara nawa nike jiran in gan ta, sai ka kawo mini ita ba fuska ka ce in yi haƙuri? Shi Malam bai san zai tahi ba. Ni ma ban san ranata ba, ɗan nan."

Barau ne ya yi magana, kansa a sunkuye. Ya ce da niyyarsa gobe ya girbe dawar, amma saboda Malam ya bari har Juma'a. Bayan nan ba shi da iko, shanu za su shigo.

Na dawo Funtua kai tsaye gidan makoki. Na leƙa wurin Hajiya na gaya mata komai, na ce kuma ga zaman karɓar gaisuwa, bai kamata a neme ni da safe a rasa ba. Ta ce, "Masu zama suna da yawa, Rabe. Ka tafi ka gama masa, in rana ta ɗaga ka dawo ka zauna."

Ga ni nan zaune a ƙofar gidansa ina rubutun nan kafin a kira magariba. Tsoro nake ji, wallahi. Kuma har yanzu in aka ɗaga labulen zaure sai na ɗago kai.

Ya Allah, ga bawanKa Sada ya zo gare Ka ba shiri a wurinmu, amma da saninKa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka kabarinsa. Haƙurin da ya yi da mu, Ka yi masa wanda ya fi shi. Ka ba Hajiya Asabe da 'ya'yansa da ɗalibansa juriyar wannan rashi.

Duk wanda ya karanta, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce da alamar kuka kawai. Tsaya ka roƙa masa rahama da bakinka. Wanda Malam ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa.

In kuma kun tuna gobe da hantsi, ku sa ni a ciki, Allah Ya tsayar mini da hannu. Inna Tabawa ta ce za ta yi wanka ta ɗaura zanen ta jira ni.